Abubuwan Al'ajabi: Rogo, Tsiron Da Ya Haɗa Guba Da Abinci A Saiwa Ɗaya

Tsarki ya tabbata ga Allah, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya saukar da ruwa daga sama, Ya fitar wa bayinSa abinci ta inda ba su zata ba. Idan aka tashi lissafin abubuwan al'ajabi a wannan jiha tamu ta Bauchi, hankali yakan tafi ga giwayen Yankari, ko ruwan Wikki da ke ɓuɓɓugowa da ɗuminsa rani da damina. Da wuya wani ya tuna da rogo. Ga shi kuwa kullum a bakin titi, dafaffe a kan tire, ana barbaɗa masa garin ƙuli da yaji, lebura ya saya, almajiri ya saya, ɗan makaranta ya saya. Yawan ganinsa ne ya sa muka daina kallonsa.

A ƙasar Zungur da ƙauyukan da ke kewayen Liman Katagum, dawa da masara da gyaɗa da wake su ke cinye tsakiyar gona. Rogo a gefe ake ba shi wuri, sau da yawa inda ƙasa ta gaji. Sunansa abincin talaka, ba a kai shi gidan biki, ba a tarbar baƙo da shi. Amma wanda ya tsaya ya bi rayuwar wannan tsiro tun daga dashe har zuwa tukunya, zai ga ayoyin Ubangiji a jere, kowace tana buɗe ƙofar 'yar'uwarta.

Rai daga guntun kara

Manomin dawa dole ya hana bakinsa wani kaso na abin da ya girbe, ya adana shi a matsayin iri. Haka mai gero, haka mai gyaɗa, haka ma mai doya. Rogo bai nemi wannan daga hannun mai shi ba. Abin da ake ci daban, abin da ake dasawa daban. Bayan an tone saiwar, sai a ɗauki karan nan da ba mai ci, a sassara shi guntu-guntu, kowane guntu taƙi ɗaya ko ya ɗan ɗara, da idanu biyar zuwa bakwai a jikinsa. Shi ke nan iri ya samu.

Ɗauki guntun nan ka duba, ya kai mai karatu. Launinsa toka-toka, jikinsa duk ƙulle-ƙulle inda tsofaffin ganyaye suka faɗi, cikinsa farin ɓargo mai laushi. A saman kowane ƙulli akwai ɗan ido mitsitsi. Ba saiwa, ba ganye, ba wata alamar rai. Wanda bai sani ba zai jefa shi a murhu. Manomi kuwa sai ya soka shi a kunya a karkace, idanun suna kallon sama, ya bar kashi ɗaya cikin uku a waje. Cikin mako ɗaya zuwa biyu idanun nan za su buɗe, jajayen tsirrai masu taushi su leƙo, gindin da aka binne kuma ya fitar da fararen saiwoyi. Kafin ganye ya yi ƙwarin da zai ciyar da shi, da guzurin da ke cikin karan yake rayuwa. Wa ya sanar da guntun kara cewa wannan kai shi zai nufi sama, wancan ya nufi ƙasa? Wa ya auna masa guzurin da zai ishe shi?

Idan aka ba da tazarar mita ɗaya tsakanin dashe da dashe, hekta ɗaya tana ɗaukar guntaye 10,000. Bayan wata biyu zuwa uku, wasu daga cikin saiwoyin sai su fara kumbura, galibi biyar zuwa goma a gindi guda. Abin da ke cika su kuwa daga sama yake zuwa. Ganyen nan mai yatsu yana ɗibar iska, ya haɗa ta da ruwan da ƙananan saiwoyi suka janyo, hasken rana ya zama makamashin aikin, sai sukari ya samu, ya gangara ƙasa ya zama sitaci. Wato dafaffen rogon da ka saya, mafi yawansa iska ce da ruwa da hasken rana, Mai iko Ya mai da su abin cika ciki.

Kuma duk da cewa da kara ake dasa shi, Allah bai hana shi fure ba. A jikin tsiro ɗaya akwai furen mace da furen namiji, amma a reshe guda na mace yakan riga buɗewa da mako ɗaya ko biyu, saboda haka sau da yawa ƙwari sukan kawo masa barbara daga wani gindin. Idan ɗan ya bushe sai ya fashe da ƙarfi ya watsa ƙwayoyinsa. A jikin kowace ƙwaya akwai 'yar tsoka mai maiƙo da tururuwa ke so. Sai ta ja ƙwayar zuwa raminta, ta cinye tsokar, ta bar irin a binne. Ta haka sababbin nau'o'i ke tsirowa a gonakin mutanen Amazon, su zaɓi mai kyau su ƙara cikin abin da suke dasawa. Tururuwa neman abincinta take yi, ba ta san an ɗora mata aikin shuka ba.

Haƙurin rani

Ruwan Bauchi daga wajen watan Mayu yake kankama, ya ɗauke a farkon Oktoba, abin da ke sauka a shekara wajen milimita 1,000. Daga nan sai hunturu da bazara, wata shida ko fiye ba ɗigo. Dawa da gero kafin nan sun gama nasu, sun zama karan dafa tuwo. Rogo kuwa yana nan tsaye.

A bayan ganyensa akwai ƙananan ƙofofin numfashi da ido ba ya gani. Da zarar iska ta bushe, sai ya rufe su, tun ƙasa ba ta rasa danshi ba, don kada ruwan jikinsa ya tsere. Idan rani ya yi tsanani, sai ya zubar da ganyen ƙasa, ya bar 'yan ƙalilan a ƙoli, ya dakatar da girma. Siraran saiwoyinsa kuma suna iya nutsawa mita biyu ko fiye suna bin danshi. Da ruwan farko ya sauka, sai ya ɗebo daga sitacin da ya tara, ya yi sabon ganye. Shi ya sa manoma suka san rogon da aka tona bayan saukar ruwan farko yakan yi ruwa-ruwa, ba ya gari idan an dafa: ya ci daga ajiyarsa.

Wannan korayen ganye a lokacin da duk daji ya bushe shi ke jawo masa awaki da shanu. Don haka tun kaka da kakanni ake yi masa garka, a kewaye da ƙaya ko kara ko aguwa. Masana tsirrai kuma sun gano cewa rogo da aguwa da tinya da zurma da bini-da-zugu duk dangi ɗaya ne. Karya reshen aguwa ka ga farin ruwa, tsinke ganyen rogo ka ga irinsa. Ashe ɗan'uwa ne ke gadin ɗan'uwansa a bakin garka.

Hatsi idan ya nuna dole a girbe, a ɗaure, a kai rumbu, a yi ta fama da gara da ɓera da ƙwari. Rogo yakan nuna daga wata 8 zuwa 12, amma ba ya matsa wa mai shi. Yana iya zama a ƙasa har wajen shekara biyu, a riƙa tona gwargwadon bukata. Ko fara ta sauka ta cinye ganye, saiwar tana ƙasa lafiya lau. Tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai zo ba, gidan da ke da garkar rogo yara ba sa kwana da yunwa. Sai dai da zarar an cire shi daga ƙasa, kwana biyu ko uku ya ishe shi ya fara baƙi-baƙi da shuɗi-shuɗi a ciki, ya lalace. Wanda ya jure wata shida ba ruwa, ba ya jure kwana uku a tsakar gida. An yi shi ne don a ɗebi na yau a bar na gobe a inda Allah Ya ajiye.

Gubar da ke gadin abinci

A nan ne babban al'ajabin yake. Saiwa mai cike da abinci da za ta shekara a ƙasa, me zai hana ɓeraye da gafiya da aladun daji da ƙwari su cinye ta? Sai Mahalicci Ya sanya mata mai gadi a cikin jikinta.

A cikin ƙwayoyin halittar rogo akwai wani sinadari da masana ke kira linamarin. Shi kaɗai ba ya kisa. A bangon ƙwayar kuma akwai wani sinadarin mai warware shi. An raba su, kowa da mazauninsa, kamar yadda mai hankali ke raba fetur da ashana. Muddin saiwar tana lafiya, ba abin da zai faru. Amma da haƙori ya tauna ko wuƙa ta yanka, sai shamakin ya rushe, su haɗu, gubar sayanaid ta fito, wadda ke hana jiki amfani da iskar da ya shaƙa. Ɗacin da ke jikin wani rogon shi ne gargaɗin. Wanda muke kira mai zaƙi, gubarsa ba ta cika kai miligiram 50 a kilo ɗaya ba, kuma mafi yawanta a ɓawo take. Mai ɗaci kuwa yakan haura miligiram 100, wani ya ninka haka sau uku ko huɗu, kuma gubar ta ratsa har tsoka. Fari yana ƙara ta.

Wannan ba abin wasa ba ne. A shekarar 1938 wani likita ɗan Italiya mai suna Giovanni Trolli ya ba da bayanin wata cuta a ƙasar Kwango da ake kira konzo, wadda ke shanye ƙafafu farat ɗaya, kuma ba ta warkewa. A 1981, lokacin fari a lardin Nampula na Mozambik, sama da mutum 1,000 suka kamu da ita, galibinsu mata da yara. Yunwa ce ta sa suka gaggauta cin rogo mai ɗaci tun bai gama sarrafuwa ba, ga shi ba su da wani abin haɗawa.

To amma dubi rahamar da aka haɗa da wannan haɗari. Ita wannan guba tana zama tururi a zafin da bai wuce digiri 26 ba, zafin da rana ta Bauchi ke wucewa kusan kullum. Tana kuma narkewa a ruwa. Ma'ana, abubuwan da ke fitar da ita su ne abubuwan da ke hannun mafi talaucin mutane: wuƙar fere, ruwan jiƙo, turmi, rana, da wuta. Dabba ba ta fere, ba ta jiƙo, ba ta hura wuta. Ɗan Adam kaɗai aka ba hankalin da zai buɗe wannan ajiya. Har a cikin jikinmu ma an tanadi kariya: jiki yana amfani da wani sashe na sinadarin gina jiki ya mai da ragowar gubar abin da zai fita ta fitsari. Saiwar rogo kuwa ba ta da wannan sinadari sai kaɗan, kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari. Don haka uwar da ta fara haɗa rogo da ƙuli, da wadda ta fara kwaɓa garin alabo da na wake ta yi ɗanwake, sun cike giɓin da masana suka zo suka auna daga baya.

Kowace ƙasa da hikimarta

Asalin rogo daga Kudancin Amurka ne, yankin kudancin dajin Amazon a ƙasar Birazil, inda mutane suka fara noma shi shekaru dubbai da suka wuce. Su ne suka fara gurza shi, su zuba a wani dogon kwando saƙaƙƙe mai matsewa idan an ja, su tatse ruwan, su soya garin. Har ruwan gubar ba su zubar ba: sukan tafasa shi tsawon lokaci ya zama wani romo rawaya da ake kira tukupi, wanda har gobe ake ci a arewacin Birazil.

Turawan Fotugal suka ƙetaro da shi Afirka a ƙarni na 16, ta bakin kogin Kwango da gaɓar tekun Gini. A Yammacin Afirka bai bazu sosai ba sai a ƙarni na 19, lokacin da 'yantattun bayi suka komo daga Birazil zuwa Legas da garuruwan gaɓa, ɗauke da sanin yadda ake soya gari. Mutanen da aka tafi da su cikin sarƙa, zuriyarsu ta dawo da ilimin da ke ciyar da miliyoyi. Garin kwakin da ɗalibi ke jiƙawa da sukari da gyaɗa, da tebar da ake tuƙawa, daga can sanin ya taso.

Ka tsaya wurin masu yin gari ka ga aikin. A fere, a wanke, a gurza, a ɗura a buhu, a danne da dutse ko ƙarfe kwana biyu zuwa huɗu, ruwa yana tsiyaya yana tsami. Sannan a tankaɗe, a zuba a faffaɗan kasko, mace tana juyawa da sakaina, tururi yana tashi, hayaƙi yana cin ido, har garin ya bushe ya yi ƙaras-ƙaras. Kowane mataki akwai kason gubar da yake fitarwa.

Yarabawa suna jiƙa shi su shanya su yi lafun. Ibo suna da akpu da abaca. A Kwaddibuwa akwai aceke, wanda hukumar UNESCO ta sanya sanin yin sa cikin kayan gadon al'adun duniya a watan Disamba na 2024. A Kwango suna naɗe shi a ganye su dafa, kuma suna daka ganyen su yi miyar da suke kira pondu, domin ganyen ya fi saiwar sinadarin gina jiki nesa ba kusa ba, idan an daka an dafa shi sosai. Tailan ta mai da shi hajar fitarwa, ita ce kan gaba wajen sayar wa duniya sitacinsa. Mu kuma muna da dafaffe da gasasshe, da kwaɗon rogo, da ƙosan rogo, da tuwon alabo. Yau Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noma shi, wajen tan miliyan 60 a shekara, kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk abin da duniya ke nomawa, jihohi irin su Binuwai da Kogi suna sahun gaba. Sama da mutum miliyan 500 ne a duniya suka dogara da shi.

Ɗan ƙwaron da ya ceci nahiya

A shekarar 1973 aka fara ganin wani farin ƙwaro mai laushi a gonakin rogo na kewayen Kinshasa da Barazabil. Ya shigo ne daga Kudancin Amurka a jikin karan dashe. Yana tsotse ruwan tsiron, ƙolin ya dunƙule, ganye ya zube. Da yake a Afirka ba shi da abokin gaba, sai ya bazu ƙasa bayan ƙasa, a wasu wurare ya lalata kashi 80 cikin ɗari na amfanin gona.

A 1979 wani matashin masanin ƙwari ɗan ƙasar Suwizalan, Hans Herren, ya kama aiki a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan. Tunaninsa shi ne: tunda a ƙasarsa ta asali wannan ƙwaro bai zama annoba ba, lalle akwai abin da ke taka masa birki a can. Aka shiga nema, har wani masani mai suna Anthony Bellotti na cibiyar CIAT da ke Kolombiya ya gano ƙwaron a ƙasar Faraguwai. A can aka tarar da maganinsa: wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro, wanda bai kai ƙwayar gero ba. Macen takan soki farin ƙwaron ta saka ƙwanta a cikinsa, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta cinye shi daga ciki. Bayan an tabbatar ba zai cutar da wani abu ba, aka fara sakinsa a Najeriya a 1981, daga baya har da jirgin sama aka riƙa watsa shi a ƙasashe sama da 20. Annobar ta lafa, ba tare da manomi ya sayi maganin feshi ba. Herren ya karɓi Kyautar Abinci ta Duniya a 1995. Da farin ƙwaron ya ɓulla a Tailan a 2008, daga Jamhuriyar Benin aka ɗauki ɗan zanzaron aka kai musu.

Masana sun yi ƙoƙari, kuma sun cancanci yabo. Amma ba su suka ƙagi ɗan ƙwaron nan ba, nemo shi suka yi. Tun kafin a san za a yi annoba a Kinshasa, maganinta yana shawagi a gonakin Faraguwai. Wanda Ya halicci cutar Shi Ya halicci maganin, Ya bar wa ɗan Adam aikin nema.

Abin da ya rage gare mu

Godiyar ni'ima ba ta tsaya a baki ba. Manominmu har yau bai cika samun tan 10 a hekta ba, alhali ingantaccen iri irin TME 419, idan ya sami kulawa, yana ba da ninkin haka biyu ko uku. Tun Disamba na 2011 aka fitar da rogo mai rawaya mai ɗauke da sinadarin bitamin A, aikin IITA da cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike, wanda ke taimakon idon yara. Manoman Zungur da kewaye su tuntuɓi malaman gona na hukumar bunƙasa noma ta jihar Bauchi (BSADP) kan irin da ya dace da ƙasarsu. A zaɓi kara daga lafiyayyen gindi, wanda ganyensa bai yi dabbare-dabbare ko ya murɗe ba. A ɗaure karan dashe a jingine a inuwa, a kula da gara. Wanda ya samu iri mai kyau ya ba maƙwabcinsa dami guda, domin karan da ya rage ba abin ci ba ne, sadaka ce mai gudana.

Iyaye mata kuma a kiyaye. A fere rogo sosai, a dafa shi tukunya a buɗe, a zubar da ruwan dahuwar. Mai ɗaci kada a dafa shi kai tsaye, sai an jiƙa kwana uku zuwa huɗu an shanya ya bushe sarai. A hana yara cin ɗanye. A nesanta awaki da ɗanyen ɓawo da ruwan matsa. A riƙa haɗa shi da wake ko ƙuli ko kifi. Wanda ya ci rogo ya ji jiri da amai da ciwon kai, a garzaya da shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Ya kai ɗan'uwa, kada ka ƙara raina abincin da ya riƙe gidaje a shekarun yunwa. Idan kana da ɗan fili, ko a bayan gida ne, ka dasa rogo a daminar bana. Idan kuma ka zo cin sa, ka yi bismilla, ka gode wa Wanda Ya raya guntun kara, Ya tsare saiwarsa da guba, sannan Ya sanar da kai yadda za ka fitar da ita. Allah Ya sa mu cikin bayinSa masu lura da godiya, Ya ba mu damina mai albarka, amin.